Ko Sai Gwanin Wasa Ke Iya Koyar Da Wasa?

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu sha'awar ƙwallon ƙafa, har ta kusa zama karin magana. Su kan ce wai mutumin da bai yi suna ba sa'ad da ya ke buga ƙwallo, bai kamata a danƙa masa horon manyan 'yan wasa ba, don ba za su ji maganarsa ba, shi kuma ba shi da abin da zai koya musu. In ka nemi hujja, da yawansu sai su kama sunan wani Bature mutumin Ingila, Graham Taylor, su ce ai ga shi nan, an gwada an gani. Ni kuwa a ganina an yanke wannan hukunci ne ba tare da an saurari shaidu duka ba. Saboda haka ina so mu bi labarin mutumin daga tushe, mu auna da kanmu. Duk wanda aikinsa koyarwa ne, ko shugabancin ma'aikata a ofis, yana da rabo cikin wannan zance, domin tambayar ita ce: da me za a auna malami, da abin da shi kansa ya iya yi, ko kuwa da abin da ya fitar daga almajiransa?

Da fari ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin wasan ya ke a Ingila a zamanin da mu ke zance. Ƙungiyoyin da ke cikin babbar gasar ƙasar guda 92 ne, an kasa su rukuni huɗu. Rukuni na ɗaya shi ne na manya, irin su Liverpool da Arsenal da Manchester United. Na huɗu kuwa shi ne na ƙarshen baya, inda albashi ƙanƙane ne, 'yan kallo kaɗan, in hunturu ya shigo kuma fili ya koma taɓo. Kowace shekara waɗanda suka fi maki a rukuninsu a kan ɗaga su zuwa na sama, waɗanda suka zo ƙarshe kuma a sauko da su. Hawa daga na huɗu zuwa na ɗaya tafiya ce mai nisa ƙwarai, har akwai ƙungiyoyi da yawa waɗanda tun da aka kafa su ba su taɓa leƙa rukuni na ɗaya ba.

Ɗan Wasan Da Ba A Sani Ba

An haifi Graham Taylor ran 15 ga watan Satumba 1944 a garin Worksop, ya tashi a Scunthorpe, inda ubansa ke aikin rubuta labarin wasanni a jaridar garin. Cikin 1962 ya shiga ƙungiyar Grimsby Town, aikinsa tsaron baya. Ya yi shekara shida a can, sa'an nan cikin 1968 ƙungiyar Lincoln City ta rukuni na huɗu ta saye shi a kan fam 4,000. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a rukuni na ɗaya ba, balle a kira shi ya buga wa ƙasarsa. Cikin 1972 ciwon ƙugu ya raba shi da wasa baki ɗaya, yana da shekara 28 da haihuwa.

Da a ce nan labarin ya tsaya, da ba mai tunawa da shi yau. Amma akwai abu guda da ya bambanta shi da tsararsa. Tun yana wasa ya gane cewa ƙafarsa ba za ta kai shi nesa ba, sai ya duƙufa neman ilmin koyarwa, har ya sami takardar shaida daga hukumar ƙwallon Ingila. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Cikin watan Disamba 1972 shugabannin Lincoln suka ba shi riƙon ƙungiyar, ya zama mafi ƙarancin shekaru cikin manajojin gasar duka. Farkon abin bai yi daɗi ba, don ya jera wasanni bai ci ba, 'yan kallo suka fara gunaguni. Shugabannin suka yi haƙuri da shi. Cikin 1975 saura ƙiris su hau, makinsu daidai da na ƙungiyar Chester, sai lissafin ƙwallaye ya raba gardama aka ɗauki Chester. Da shekara ta kewayo, watau 1976, Lincoln ta zo ta ɗaya a rukuni na huɗu. Cikin wasa 46 ta ci 32, sau huɗu kaɗai aka ci ta, ta jefa ƙwallo 111 a raga, ta tara maki 74 a zamanin da maki biyu a ke ba wanda ya ci wasa.

Shekara Goma A Watford

Cikin 1977 ƙungiyoyi biyu suka neme shi. Ɗaya West Bromwich Albion ce, wadda ke rukuni na ɗaya. Ɗayar kuwa Watford ce, ta wani gari kusa da Landan, tana can rukuni na huɗu, shugabanta kuma mawaƙin nan ne Elton John. Mutane suka yi mamaki da Taylor ya bar ta sama ya zaɓi ta ƙasa. Shi kuwa ya ga wurin da za a sakar masa mara ya yi gini yadda ya ke so. Ga yadda ginin ya tafi. Cikin 1978 Watford ta zo ta ɗaya a rukuni na huɗu. Cikin 1979 ta bar na uku ta hau na biyu. Cikin 1982 ta shiga rukuni na ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kafa ta. Cikin 1983 ta zo ta biyu a ƙasar Ingila duka, Liverpool kaɗai ke gabanta, Manchester United da Tottenham suna bayanta. Cikin 1984 ta kai wasan ƙarshe na kofin hukumar ƙwallon Ingila a filin Wembley, Everton ta ci ta biyu da babu.

To, jama'a, da me ya yi wannan aiki? Mafi yawa da yara ne waɗanda ya samu a gida, ko ya tsinto inda ba wanda ke dubawa. Luther Blissett a nan ya tarar da shi a rukuni na huɗu. A hannunsa ya gwanance har ya jefa ƙwallo 27 a gasar 1983, ya fi kowa a rukuni na ɗaya, ƙungiyar Milan ta Italiya ta saye shi fam miliyan ɗaya. John Barnes kuwa cikin 1981 aka ɗauko shi daga wata 'yar ƙungiyar unguwa mai suna Sudbury Court yana da shekara 17, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen Ingila na zamaninsa. Su biyun nan baƙaƙen fata ne haifaffun Jamaika, kuma a lokacin 'yan kallo a filayen Ingila su kan yi wa baƙar fata ihu da zagi. Taylor bai duba wannan ba, cancanta ya duba.

Har wa yau bai ɗauki ƙungiya a matsayin mutum goma sha ɗaya da ke cikin fili kaɗai ba. Tun yana Lincoln ya kan kwashi 'yan wasansa ya kai su masana'antu su gaisa da ma'aikatan da ke biyan kuɗin shiga kallo, don su san gumin wa su ke ci. A Watford ma haka ya yi. Zamanin nan filayen ƙwallo a Ingila sun yi ƙaurin suna wajen faɗa da jifa, mai iyali ba ya son kai 'ya'yansa. Taylor ya sa aka keɓe wuri musamman domin iyaye da yara, cikin 1983 kuma shi da kansa ya shiga tseren gudu na Landan mai nisan mil 26 don ya tara kuɗin gyara wurin. Duk wanda ya taɓa riƙon makaranta ya san irin wannan aiki, watau jawo iyaye a jiki kafin a nemi sakamako daga yara.

Masu sukarsa sun ce wasan Watford ba shi da kyan gani, wai sai dai a ɗaga ƙwallo gaba a bi da gudu. Gaskiya ne ya fi son a aika ƙwallo gaba da sauri, a matsa wa abokan karawa a gidansu, a yi ta kai hari ta gefe. Amma daidai ruwa daidai tsaki. Ƙaramar ƙungiya in ta ce za ta yi gasar ƙawa da masu kuɗi, kullum tana ƙasa. Kuma wasan da aka ci Sunderland takwas da babu cikin 1982, ba a ce 'yan kallo sun yi gyangyaɗi ba. Don kada a ce sa'ar wuri ɗaya ce, cikin 1987 ya koma Aston Villa, wadda ta faɗo rukuni na biyu a shekarar nan. Cikin 1988 ya mai da ita na ɗaya, cikin 1990 kuma ta zo ta biyu a ƙasa. A can ne ya sayo David Platt daga Crewe ta rukuni na huɗu, ya kuma gano Dwight Yorke a tsibiran Yammacin Indiya.

Shekara Uku Na Baƙin Ciki

Yanzu mun zo inda masu wancan magana ke kafa hujja, kuma ba zan ɓoye kome ba. Cikin 1990 aka naɗa shi mai horar da ƙungiyar ƙasar Ingila, ya gaji Bobby Robson wanda ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta shekarar. Cikin 1992 aka je gasar ƙasashen Turai a Suwidin. Ingila ta yi canjaras da Danmak, ta yi canjaras da Faransa, Suwidin kuma ta ci ta biyu da ɗaya, ta dawo gida tun zagayen farko. A wasan nan na ƙarshe Taylor ya fitar da kyaftin Gary Lineker ana tsakiyar neman ci, alhali saura ƙwallo ɗaya ya kamo Bobby Charlton mai 49, kuma kowa ya san wasansa na ƙarshe ke nan. Mutane ba su yafe masa wannan ba. A Turanci sunan mutanen Suwidin ɗaya ne da na wata saiwa da a ke ci, saboda haka jaridar Sun ta ɗauki hoton kansa ta haɗa da wata saiwa 'yar'uwarta, sunan ya bi shi shekara da shekaru.

Neman shiga gasar kofin duniya ta 1994 ya fi wannan muni. Norwe ta ci Ingila biyu da babu a Oslo cikin watan Yuni 1993, bayan Taylor ya sauya tsarin wasa gab da shiga fili, yara suka rikice. Cikin watan Oktoba aka je Rotterdam ta ƙasar Holan. Ana babu ci Ronald Koeman ya kayar da Platt yana shirin jefa ƙwallo, alƙalin wasa bai kore shi ba, bayan 'yan mintoci kuma shi Koeman ɗin ya ci da bugun tazara. Amma adalci ya sa a faɗi cewa tun kafin nan alƙalin ya hana Holan wata ƙwallo mai kyau. Aka tashi biyu da babu. Cikin Nuwamba 'yar ƙasar nan San Marino ta jefa wa Ingila ƙwallo cikin daƙiƙa tara na farko, ko da ya ke an rama bakwai. Ingila ba ta shiga gasar ba, Taylor ya ajiye aiki. Cikin wasa 38 da ya riƙe ta, ya ci 18, ya yi canjaras 13, aka ci shi 7.

Ba shakka ya kasa, kuma da laifinsa a ciki. Ya yawaita sauya 'yan wasa, surutun jaridu ya shige shi har ya daina amincewa da dabarar da ta kawo shi. Amma abin tambaya shi ne, rashin sunansa a wasa ne ya jawo haka? Mu duba shaidu.

Shaida ta farko, ita gasar 1994 ɗin da Ingila ta rasa. Masu karatu da yawa ba za su manta da ita ba, don ita ce ta farko da Nijeriya ta je, har Italiya ta fitar da ita da ƙyar, biyu da ɗaya, bayan ƙarin lokaci. Mai horar da Italiyar nan Arrigo Sacchi ne, wanda bai taɓa cin albashi da buga ƙwallo ba, sana'arsa ta fari sayar da takalma. Kafin nan ya ci kofin Turai sau biyu da Milan, cikin 1989 da 1990. Burazil ce ta ci Italiya a wasan ƙarshe ta ɗauki kofi, mai horar da ita kuwa, Carlos Alberto Parreira, shi ma bai taɓa zama ɗan wasan albashi ba. Malamin motsa jiki ne, tun yana saurayi ma ya taɓa horar da ƙungiyar ƙasar Ghana. Ashe a shekarar da a ke cewa ƙaramin ɗan wasa ba ya iya riƙon ƙasa, mutum biyu da ko matsayin Taylor ba su kai ba a wasa su ne suka kai ƙasashensu wasan ƙarshe na duniya.

Shaida ta biyu, gwanayen Ingila da kansu. Bobby Charlton, wanda ya ci kofin duniya cikin 1966, ya karɓi Preston cikin 1973, shekararsa ta fari ta faɗi daga rukuni na biyu. Bobby Moore, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin nan, ya riƙi Southend bai yi abin kirki ba. Kevin Keegan sau biyu a ke zaɓensa gwanin Turai duka, cikin 1978 da 1979, amma da aka ba shi Ingila cikin 1999 bai cika shekara biyu ba ya ajiye. Na sani akwai Alf Ramsey, wanda ya yi suna a wasa kuma ya ci wa Ingila kofin duniya. Shi ma dai a hannunsa Ingila ta kasa shiga gasar 1974. Abin da wannan ke nunawa, iya wasa daban, iya koyarwa daban. Wani ya kan haɗa su biyu, wani ya sami ɗaya. Sau da yawa ma gwanin da abu ya zo masa da sauƙi ba ya iya bayyana yadda ya ke yinsa, wanda ya sha wuya kafin ya iya kuwa ya san kowane wurin tuntuɓe, don ya taɓa faɗuwa a nan.

To, in haka ne, me ya kayar da Taylor? A ganina babban dalili shi ne, aikin ƙungiyar gari da na ƙungiyar ƙasa sunansu ne kaɗai ɗaya. Mai horar da ƙungiyar gari kamar malamin aji ya ke. Kullum yana tare da yaransa, wata goma a shekara, ya san halin kowa, ya maimaita darasi har ya zauna, in kuma akwai giɓi ya sayo wanda zai cike. Mai horar da ƙasa kuwa ya fi kama da mai duba makarantu. Yaran na wasu ne, kwana uku ko huɗu a ke ba shi aronsu, kowa ya zo da koyarwar malaminsa. Ƙarfin Taylor duka yana cikin horon yau da gobe ne, aka ɗora shi inda babu yau da gobe. Ga kuma rashin sa'a. Peter Shilton da Terry Butcher sun bar buga wa ƙasa bayan 1990, Bryan Robson ya bi su cikin 1991, Paul Gascoigne da John Barnes kuma ciwo ya hana su zuwa Suwidin. Duk da haka, tun daga naɗa shi har ranar wasan Suwidin sau ɗaya tak aka ci Ingila, Jamus ce ta ci ta cikin 1991. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: waɗanda suka naɗa shi ba su tsaya sun tambayi ko gwanintarsa ta dace da kujerar ba.

Bayan Faɗuwa

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutumin da aka yi wa irin wannan tozarci, da ya shige gida ya kulle ƙofa ba mai ganin laifinsa. Taylor ya koma aiki. Ya riƙi Wolverhampton daga 1994 zuwa 1995, sa'an nan cikin 1996 ya koma Watford, wadda ta lalace har ta gangara rukuni na uku a shekarar nan. Cikin 1998 ta zo ta ɗaya a rukuninta. Cikin 1999 ta ci Bolton biyu da babu a wasan raba gardama a Wembley, ta sake hawa rukunin manya. Ko da ya ke shekara guda kaɗai ta yi ta sauko, sau biyu ke nan mutum ɗaya yana ɗauko ƙungiya ɗaya daga ƙasa ya kai ta sama. Wannan ya wuce a kira shi sa'a.

Abin da na ke so mu ɗauka daga labarin nan uku ne. Na ɗaya ga masu naɗa mutane a kan aiki: in za ku ɗauki malami, ku dubi almajiran da ya yaye, in kuma za ku ƙara masa girma, ku tabbata sabuwar kujerar tana bukatar abin da ya iya. Sau nawa a kan cire gwanin malami daga aji a kai shi ofis da sunan ci gaba, a yi hasarar malami, ba a kuwa sami ma'aikaci ba? Na biyu ga masu rubutu a jarida da masu karanta ta: sukar aiki halal ce, kuma Taylor ya cancanci suka a kan Oslo da Suwidin, amma mai da mutum abin dariya ba ya gyara kome, sai dai ya hana na baya yarda su ɗauki nauyi. Na uku ga wanda bai taɓa zuwa na ɗaya a ajinsu ba, yau kuma ga shi da alli a hannu: kada ya yarda a ce masa iyakarsa ke nan. Wahalar da ya sha kafin ya gane darasi ita ce jarinsa.

Graham Taylor ya rasu ran 12 ga watan Janairu 2017, yana da shekara 72. Tun yana da rai, cikin 2014, Watford ta sa wa wani sashe na filinta sunansa, cikin 2018 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin. Mutanen garin shekara uku na Ingila ba su rufe musu ido ba, don sun ga sauran shekarun da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Ya kamata mu ma in za mu yi wa malami awo, mu zuba hatsinsa duka a mudu.